Kwaɗi da danginsu: amsoshin tambayoyin da ake yi mana kowace damina

A nan Sudan, daga Mai Wurno zuwa Sinja, daga ƙauyukan Jazira zuwa gonakin Gadarif, da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni ko Yuli, dare ya zama na kwaɗi. A lokacin ne kuma tambayoyi ke yawa, daga ɗalibai da manoma da iyaye mata. Na tattara waɗanda aka fi yi wuri guda, domin a ganina mun raina wannan halitta fiye da kima. Wanda ya fahimci fatar kwaɗo kaɗai ya fahimci rabin rayuwarsa, shi ya sa za ku ga amsoshi da yawa suna komawa kanta.

Malam, wata bakwai ba mu ga kwaɗo a gona ba, ruwa ya sauka dare ɗaya sun cika ko'ina. Daga sama suke faɗowa tare da ruwan?

A'a, Baba. Suna nan ƙarƙashin ƙafarka tun bara. Idan damina ta ja baya wajen Oktoba, laka ta fara bushewa, kwaɗi da yawa sukan shige ƙasa. Wasu suna bin tsagar nan mai zurfi da baƙar ƙasarmu take yi da rani, wasu suna shiga ramin ɓera ko gindin suri, wasu kuma su haƙa da kansu. In ka kama ɗaya daga masu haƙa, ka juya ƙafarsa ta baya, za ka ga wani ɗan ƙullutu mai tauri da kaifi a gefen dunduniya. Da shi yake tura ƙasa gefe, yana nutsewa da baya da baya har ya ɓace. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai tsinin hanci wanda shi da kai yake shiga.

Da ya kai inda ƙasa ke da ɗan danshi sai ya dunƙule, ya tattara ƙafafunsa, jikinsa ya rage aiki ƙwarai. Bugun zuciya ya yi ƙasa, numfashi ya yi ƙasa, ba ci ba sha. Yana rayuwa ne da kitsen da ya tara da damina, wani kitse rawaya mai yatsu-yatsu da ke maƙale kusa da ƙodarsa. Ruwa kuwa a mafitsara yake ajiye shi, jiki yana janyo shi kaɗan-kaɗan. Wasu manyan kwaɗin ma sukan yi ta saɓa ba su yar da tsohuwar fatar ba, sai ta taru rufi bisa rufi ta lulluɓe su duka, kafar hanci kawai ke buɗe. A haka suke wuce zafin Afrilu da Mayu, lokacin da a sama ake fama da digiri 40 da ɗoriya. Ruwan farko mai ƙarfi ya ratsa ƙasa ya jiƙa su, sai su farka su fito kusan lokaci guda.

Ba duka ne ke wannan dogon barci ba. Waɗanda suka sami bakin kogi, ko tur'a, wato magudanar ruwan ban gona, wadda ba ta ƙafewa, ko gindin randa a cikin gida, suna nan suna farautarsu har cikin rani.

Su wane ne dangin kwaɗo? Kada da kunkuru da gaiwa suna ciki?

Ba sa ciki, ko da yake su ma suna shiga ruwa suna fita. Kada da kunkuru da guza suna da busasshiyar fata mai ɓawo, suna yin ƙwai mai kwasfa a tudu, ɗansu kuma yana fitowa da siffar uwarsa. Gaiwa kuwa kifi ce, duk da tana da huhu kuma tana kwana cikin busasshiyar laka har wata damina.

Dangin da littafin makaranta ke kira barma'iyat gida uku ne, kuma an san fiye da iri 8,000. Gida na farko kwaɗi, su ne kusan kashi 9 cikin 10. Na biyu su salamanda, masu doguwar wutsiya da ƙafa huɗu gajeru. Waɗannan babu su a Sudan, a Afirka ma sai can arewa, Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Na uku wasu ne marasa ƙafa da ke zaune cikin ƙasa mai danshi, wanda bai sani ba zai ɗauka tana ce ko ƙaramin maciji, ana samun su a Habasha da Kamaru da Tanzaniya. Abin da ya haɗa su duka shi ne fata mai laushi da danshi wadda ruwa da iska ke ratsawa, da ƙwai marar kwasfa wanda ke bushewa in ya rasa laima.

Kullum ina ganin kwaɗo a ƙarƙashin randa, amma ban taɓa ganin ya sa baki ya sha ruwa ba. Ba ya jin ƙishirwa ne?

Yana ji, Inna, har ya fi mu. Sai dai ba da baki yake sha ba. A ƙasan cikinsa, tsakanin cinyoyi, akwai wani yanki na fata mai sirantaka wanda jijiyoyin jini suka cika. Idan kika ga ya baje a wurin da ruwan randa ke ɗiga, ya manna ciki da ƙasa ya buɗe cinyoyi, to sha yake yi. Ruwan yana ratsa fatar kai tsaye ya shiga jini. Ko jiƙaƙƙen yashi ya ishe shi.

Wannan baiwa tana da tsada. Ƙofar da ruwa ke shiga, ta nan yake fita. Kwaɗon da aka bari a rana tsaka kan busasshiyar ƙasa yakan bushe ya mutu cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa yake yini a ɓoye ya fito da dare. Kuma fatar ba ta tantance ruwa mai kyau da marar kyau. Ruwan sabulu, kananzir, gishiri, maganin feshi, duk wanda ya zauna a kai zai shiga jikinsa. Yaran da ke barbaɗa wa kwaɗo gishiri don su ga yadda zai yi, ruwan jikinsa suke zuƙewa da ransa, kuma ya kamata manya su hana.

Me ya sa maƙogwaronsa ke motsi ba tsayawa?

Numfashi yake yi. Mu muna da haƙarƙari da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, su ke buɗe huhu iska ta shiga. Kwaɗo ba shi da wannan tantani, kuma yawancin kwaɗi ba su da haƙarƙarin da zai buɗe ƙirji. Don haka ƙasan bakinsa ne ke aikin zugazugin maƙeri: ya sauke shi iska ta shigo ta hanci ta cika baki, ya toshe hancin, ya ɗaga shi ya tura iskar cikin huhu. Ƙananan motsin da kake gani a kai a kai na sabunta iskar cikin baki ne, lokaci-lokaci kuma sai ka ga babba guda wanda har gefen cikinsa ke motsawa, wannan shi ne ya kai huhu.

Huhun nasa jaka biyu ne masu sauƙin gini, ba su kai namu yawan lungu ba. Fata ce ke cike giɓin. Muddin tana da danshi, oksijin yana narkewa a kanta ya shiga jini, kuma mafi yawan gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta fata take fita. Da haka ne yake daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya leƙo ba. A tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya akwai wani kwaɗo mai fata naɗe-naɗe wadda ta yi masa yawa, kusan da ita kaɗai yake numfashi. A nahiyar Amurka kuma akwai ɗaruruwan irin salamanda da ba su da huhu sam.

An ce jininsa sanyi ne. Gaskiya ne?

Jikinsa ba ya haɗa ɗumin kansa yadda namu ke yi, zafin wurin da yake zaune shi ne zafinsa. Da rana ya nemi inuwa da laka, da sanyin Janairu ya lafa. Amfanin haka shi ne abinci kaɗan ke riƙe shi. Hausawa sun ce ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne, kuma haka yake, ba shi da yadda zai kare kansa daga zafin da ya kewaye shi sai dai ya gudu.

Zuciyarsa ɗaki uku ce, tamu huɗu. Biyu na sama suna karɓar jini, ɗaya daga huhu ɗaya daga sauran jiki, su zuba cikin ɗaki guda na ƙasa. Mutum zai zaci jinin zai cakuɗe gaba ɗaya, amma bangon ɗakin yana da saƙo-saƙo, kuma bututun fita yana da wani murɗaɗɗen tantani da ke raba hanya, don haka cakuɗar kaɗan ce. Idan ya nutse, huhu ba ya aiki, sai a rage jinin da ke zuwa can a ƙara na fata.

Mene ne bambancin kwaɗon da ke shigowa gida da wanda ke cikin tur'a?

Na gida, mai kaushin baya da gudaje-gudaje, gajeren ƙafa ne, tsallensa kaɗan-kaɗan, ba shi da haƙori ko ɗaya, yana da kumburi biyu a bayan idanu, kuma ya fi jure fari. Na ruwa santsi ne da shi, dogayen ƙafafu, fata shimfiɗe tsakanin yatsun baya, kafin ka kai hannu ya faɗa ruwa. Babban nan da ake kira burduddugi yana cikin na ruwa.

Yarona ya ɗauki kwaɗo ya yi masa fitsari a hannu. Zai yi masa ƙuraje? Kwaɗo yana da dafi?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Abin da ya zubo ruwan ajiyarsa ne na mafitsara, yana sakinsa ne in ya tsorata don a sake shi. Ba ya kawo ƙuraje, kuma gudajen bayansa ba cuta ba ce da ake ɗauka. A wanke hannu da sabulu, domin kwaɗi suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa.

Dafi kuwa akwai shi, amma ba a fitsari ba. Kumburin nan biyu na bayan idon kwaɗon gida jakunkuna ne da ke fitar da farin ruwa mai kauri da ɗaci in an matse su. Ba ya harbawa, ba ya sara. A lafiyayyar fatar hannu ba ya yin komai, amma a ido ko baki ko miki yana da raɗaɗi, sai a wanke da ruwa mai yawa. Kare da ya cafki kwaɗo yakan sake shi yana kumfar baki, a kuskure masa bakin da ruwa kansa na kallon ƙasa. Haɗarin gaske yana ga haɗiya, domin dafin yana rikita bugun zuciya, kuma har a ƙwan kwaɗon akwai shi. Idan yaro ya ci kwaɗon gida ko ƙwansa, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wane ne ke wannan kuka da dare, kuma me suke nema?

Mazan ne, mata suke kira. Namiji yana rufe baki da hanci, ya riƙa kai iska daga huhu zuwa wata jakar fata a ƙarƙashin haɓa yana dawo da ita, iskar tana kaɗa igiyoyin murya, jakar tana ƙara amo. Haska tocila a bakin hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, za ka ga jakar tana kumbura tana sacewa. Burduddugi nasa biyu ne, ɗaya a kowane gefe. Kowane iri da kukansa, macen kuma na irinta take bi. Kunnensa shi ne faifan nan zagayayye da ke bayan ido, dodon kunne ne a fili ba tare da ganye ba.

Ƙananan baƙaƙen nan masu wutsiya da ke cika kududdufi, da gaske 'ya'yan kwaɗi ne? Ai sun fi kama da kifi.

Su ne, ɗana, kuma a nan ne abin mamakin ya fi yawa. Namiji yana hawa bayan mace ya rungume ta, yana da wani kaushi a babban yatsa da ke hana shi zamewa. Tana sakin ƙwai cikin ruwa, shi kuma yana zuba maniyyi a kansu, haɗuwar a waje take faruwa. Kwaɗon gida yana yin ƙwai dubbai, baƙaƙe, jere cikin dogon zare mai yauƙi da ke naɗewa a ciyawa. Na ruwa da yawa nasu a dunƙule ne ko a warwatse.

Cikin kwana biyu ko uku a ruwanmu mai ɗumi sai su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ba shi da ƙafa, yana numfashi da irin abin da kifi ke numfashi da shi a gefen kai, zuciyarsa ɗaki biyu ce, bakinsa ɗan ƙarami mai jerin ƙananan ƙayoyi da yake kankare gansakuka da su. Ɗebo ɗaya a kwalba ka dubi cikinsa ta ƙasa, za ka hango hanjinsa dogo a naɗe zagaye bisa zagaye, domin narkar da ganye yana son dogon hanji.

Daga nan sai jiki ya fara rushe kansa yana sake gini. Ƙafafun baya su fara tsirowa. Na gaba suna girma a ɓoye ƙarƙashin fata, rana ɗaya su faso. Huhu ya kama aiki, abin numfashin ruwa ya shanye. Baki ya tsage ya yi faɗi, harshe ya fito, idanu su hau saman kai, hanji ya gajarce ya dace da cin ƙwari. Wutsiya ba yankewa take ba, jiki ne ke narkar da ita ya ci, domin a kwanakin da ake sake bakin ba ya iya cin komai. Abin da ke ba da umarnin duk wannan shi ne sinadarin da ƙwayar maƙoshi ta tayirod ke fitarwa, wadda mu ma muke da ita, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. A 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi naman wannan ƙwaya, sai suka rikiɗa kafin lokacinsu suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi.

Tafiyar takan ɗauki daga mako uku zuwa wata biyu, gwargwadon iri da zafin ruwa. Tsere ne da rana. In kududdufi ya ƙafe kafin ƙafa ta fito, duka sun tafi. Cikin dubban ƙwai, kaɗan ne ke kai girma, sauran kifi da tsuntsaye da ƙwarin ruwa sun cinye.

Yaya yake kama ƙwaro da sauri haka?

Harshensa a gaban baki yake maƙale, ƙarshensa na kallon maƙogwaro, akasin namu. Yana wurga shi waje ya dawo da shi kafin ƙiftawar ido, da yawu mai danƙo. Ba ya tauna. Masu haƙora ma a muƙamuƙin sama suke, ƙanana, na riƙe abinci ne kawai. Lura da shi yana haɗiya, za ka ga ya runtse idanu sun nutse cikin kai: ƙwayar idon ce ke danno rufin baki tana taimakawa wajen tura abincin. Abin da ba ya motsi kuwa da wuya ya kula shi.

Daga ina ƙarfin tsallen yake fitowa?

Daga ginin ƙashi. Ƙashin bayansa gajere ne, gaɓoɓi tara ko ƙasa da haka, sannan wani dogon ƙashi guda a tsakiyar ƙugu. Ƙasusuwan ƙwauri biyu sun haɗe sun zama ɗaya, na idon sawu kuma sun yi tsawo har sun zama wata gaɓa ta daban. Yana zaune ƙafar a naɗe take gida uku, ya miƙe su lokaci guda. Hannayen gaba, masu yatsu huɗu, su ke karɓar nauyi in ya dira. Na baya yatsu biyar ne.

Kwaɗi suna rage sauro?

Suna ci, amma kada mu ɗora musu abin da ba za su iya ba. Babban abincinsu shi ne gara da shinge da tururuwa da fara da tsutsar gona, kuma nan ne amfaninsu ga mai hawasha, wato gonar ban ruwa, yake. Yawancin 'ya'yansu gansakuka suke ci, ko da yake na burduddugi suna cin tsutsar sauro. Zazzaɓin cizon sauro a Jazira da Sinnar sai da gidan sauro da magani.

Akwai kwaɗi a Bahar Maliya? 'Yan uwanmu na Makka kuma sun ce ba sa ganin su.

Babu a teku, ruwan gishiri yana zuƙe ruwan jikinsu ta fata. A Saudiyya akwai su inda ruwan daɗi yake, kwaruruwan duwatsun Ɗa'if da Abha, da maɓuɓɓugan Ahsa.

Wanne ne mafi girma, wanne ne mafi ƙanƙanta?

Mafi girman kwaɗo yana Kamaru da Ikwatoriyal Gini, tsawon jikinsa ya kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3. Cikin mafi ƙanƙanta akwai wani na Papuwa Niyu Gini da aka bayyana a 2012, bai cika milimita 8 ba.

In ban da cin ƙwari, wane amfani kwaɗo ya yi wa ɗan Adam?

Mai yawa. Akwai wani kwaɗon Afirka mai faɗin jiki da baƙaƙen farata a ƙafar baya, wanda ba ya barin ruwa, masana na kiransa Xenopus. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 da shi ake gwajin ciki a asibitoci: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin matar da ake gwadawa, in matar tana da juna biyu kwaɗon ya saki ƙwai cikin kwana guda. A 1962 John Gurdon na Ingila ya ɗauki cibiyar ƙwayar halitta daga hanjin ɗan wannan kwaɗo, ya dasa cikin ƙwan da aka cire wa tasa, sai sabon ɗa ya fito. Wannan ya nuna kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da cikakken tsarin halittar mai ita, kuma ya sami kyautar Nobel a 2012.

Addini ya ce wani abu game da kashe kwaɗo?

Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwaɗon da zai sa a magani, sai ya hana shi kashe shi. Batun ci kuwa mazhabobi sun saɓa, a tambayi malaman fiƙihu.

Dattawa na cewa kwaɗi sun ragu a kan da. Me ke kashe su?

A duniya baki ɗaya, ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na irin dangin kwaɗi suna fuskantar ƙarewa, abin da ya fi na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa. Babban dalili shi ne rasa wurin zama, a cike fadama, a sare kurmi. Sai sauyin yanayi, sai wata cutar fata da wani naman gwari ke kawowa, wanda aka ba suna a 1999. Yana kama fata ya hana gishirin jini daidaita, har zuciya ta tsaya. Wani kwaɗo ruwan zinariya na Kosta Rika, tun 1989 ba a sake ganinsa ba.

A wajenmu abin da ya fi damuna shi ne magani. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ke bin tur'o'in Jazira, kwaɗi suka sami gida, kuma an daɗe ana feshin auduga da kayan lambu a gefen ruwan nan. Sau da yawa za ka ga mutum ya gama feshi ya tsuguna a bakin abu ishirin, wato ƙaramar tur'ar da ke kai ruwa gonaki, yana wanke famfonsa, ya juye ragowar ciki. Kwaɗon da ke zaune a nan da fatarsa zai shanye shi, kuma ruwan nan ne awakinmu ke sha, yaranmu ke wanka a ciki. A wanke famfo nesa da ruwa, a zuba ɗaurayar a rami cikin gona, kada kuma a mai da galan ɗin magani na ɗiban ruwa.

Kwaɗo ya faɗa mana rijiya ko tankin siminti. Me za mu yi?

A fitar da shi da guga ko kwando, a sake shi a inuwa mai danshi. In za a kama da hannu, a jiƙa hannun tukuna, kada ya kasance da sabulu ko man shafawa. Bangon siminti santsi ne, ba ya iya hawa, kuma in ya gaji yakan nutse ya mutu, don haka a jingina katako ko reshe a ciki ya sami matakala. In an tarar ya riga ya mutu, a cire shi, a tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, sannan a yi wa bakin rijiyar murfi.